Yadda muka nemi tallafin gwamnati a Ingila bayan na rasa aiki, 'ya'yana uku duk suna karatu

Akwai wata magana da ke yawo a tsakanin mutanenmu a nan Ingila, wai da zarar yaro ya cika shekara 16 gwamnati ta zare hannunta daga kansa, sai uba ya san yadda zai yi. Maganar ba haka take ba, kuma na san gidajen da ta sa suka yi asarar kuɗin da hakkinsu ne. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da ya faru da mu a 2025 daki-daki, ko Allah zai sa wani ya huta da ruɗanin da muka shiga. Muna zaune a Manchester, ni da maman yara da 'ya'yanmu uku. Lokacin da abin ya faru babbar tana shekara 20 tana jami'a, na tsakiya yana 19 yana kwaleji, auta kuma tana shirin GCSE, jarrabawar da yara ke yi a shekara 16. Duk alkaluman da zan kawo na shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ne, kuma da yawa daga cikinsu ana sauya su duk watan Afrilu.

A ƙarshen Afrilu aka rufe ɗakin ajiyar kayan da na daɗe ina aiki a ciki. An ba mu takardar sallama, da takardar haraji ta P45, da kuɗin sallama daidai da shekarun da kowa ya yi. Na dawo gida na rasa ta inda zan fara. Mutumin da ya saba fita tun asuba, in aka wayi gari ba shi da wurin zuwa, abin da ke cin sa ya wuce maganar kuɗi. Wani dattijo da muke sallah tare, wanda ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa, shi ya ja ni gefe bayan la'asar ya ce, "Malam, harajin da aka yi ta cirewa a albashinka duk wata, don rana irin ta yau aka cire shi. Ba roƙo za ka je ba." Ya ce kafin in taɓa kowane fom in kira Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba da shawara kyauta, suna da sashen da ke taimaka wa masu neman Universal Credit a karon farko, wato tallafin wata-wata da gwamnati ke ba marasa aiki da masu ƙaramin albashi.

Matar da ta ɗauki wayata ba ta fara da maganar aiki ba, sai ta tambayi matsayin takardunmu na zama. Wannan ita ce ƙofar farko, kuma wanda bai wuce ta ba kada ya ci gaba. Mu muna da izinin zama na dindindin. Wanda yake kan bizar aiki ko ta karatu, galibi an rubuta masa cewa ba shi da damar cin kuɗin jama'a, kuma Universal Credit da Child Benefit, wato kuɗin da ake ba iyaye saboda yara, duk suna cikin abin da aka hana shi. In ya nema ya karɓa, zai iya jawo wa takardunsa matsala. Idan a gida ɗaya miji yana da dama mata ba ta da ita, ko akasin haka, a nemi shawarar masana kafin a cike komai. Abu na biyu da ta tambaya shi ne ko albashina na ƙarshe ya shigo. Ta bayyana mini cewa ana lissafin Universal Credit wata-wata ne, daga ranar da ka tura buƙata. Duk albashin da ya faɗo cikin wannan watan, har da kuɗin hutun da ba ka ci ba, za a ɗauke shi a matsayin kuɗin shiga, ya rage ko ya cinye biyan farko gaba ɗaya. Saboda haka na bari sai da ragowar albashin ta shiga asusuna, sannan muka zauna gaban kwamfuta a tsakiyar watan Mayu.

Ma'aurata ba sa nema daban-daban. Kowa zai buɗe nasa asusun a shafin gwamnati, sai a ba na farko wata lamba ya miƙa wa na biyu a haɗe su. Mun tara lambar inshorar ƙasa ta kowannenmu, da fasfo, da bayanan banki, da takardar yarjejeniyar haya, da ranakun haihuwar yara. Inda na fi daɗewa shi ne wajen tambayar dukiya. Kuɗin sallama ba a ɗaukarsa albashi, ana ɗaukarsa ajiya. In ajiyar gida gaba ɗaya ta wuce fam 16,000, babu Universal Credit. In tana tsakanin fam 6,000 da 16,000, ana rage fam 4.35 a wata a kan kowane fam 250 da ya haura dubu shidan. Tamu ta ɗan haura dubu shida, don haka an riƙa rage mana wani abu kaɗan har ta sauko. A nan ina so 'yan uwa su buɗe kunne: fili ko gida da mutum ya mallaka a Kano ko Zinder ko Kumasi, shi ma dukiya ne a wurinsu, kuma fom ɗin yana tambaya. Haka kuma wanda ya kwashe kuɗin sallamarsa ya tura gida don ajiyarsa ta yi ƙasa, suna iya lissafa masa kuɗin kamar har yanzu yana hannunsa. Biyan bashi na gaskiya da cefane da haya ba laifi ba ne, amma a riƙa ajiye rasit.

A wannan zaman kuma na nemi wani tallafin daban da ake kira New Style Jobseeker's Allowance. Shi bai duba ajiyarka ko albashin matarka, abin da yake dubawa shi ne gudummawar inshorar ƙasa da aka cire maka a shekarun haraji biyu da suka gabata. Fam 92.05 ne a mako ga wanda ya kai shekara 25, ana biya duk mako biyu, har tsawon kwana 182. Gaskiya ne duk abin da ya ba ka ana cire shi daga Universal Credit, kobo ba ya ƙaruwa. Amma yana shigowa da wuri, yana kuma cike maka tarihin inshorarka, kuma shi ne madogarar wanda ajiyarsa ta wuce dubu goma sha shida.

Ba a jima ba aka sa mana ranar ganawa a Jobcentre Plus na unguwarmu, ofishin gwamnati na masu neman aiki. Na tafi da jakar leda cike da takardu, gabana yana faɗuwa kamar mai zuwa kotu. Wuri ne buɗaɗɗe, tebura a jere, mai gadi a bakin ƙofa yana duba sunanka a takarda. Jami'ar da aka haɗa ni da ita ta duba fasfo, ta tabbatar da matsayin zamanmu, sannan muka shiga rubuta alkawarin da kowane mai nema yake amincewa da shi. Tunda autarmu ta wuce shekara 13, doka tana sa ran in kashe har sa'o'i 35 a mako wajen neman aiki, in riƙa rubuta abin da na yi a shafin saƙonnin asusuna, wanda suke ce wa journal. Maman yara ma an yi mata nata alkawarin, duk da tana aikin 'yan sa'o'i a kicin ɗin wata makarantar firamare. Wannan ya ba ta mamaki, don ta ɗauka ni kaɗai abin ya shafa. Wanda ya ƙi zuwa ganawa ba tare da uzuri ba ana iya yanke masa kuɗi. Tafiya waje ma sai an sanar, kuma bisa ƙa'ida ba a wuce wata ɗaya, sai dai in rasuwa aka yi ta makusanci ana iya ƙara wani watan. Mai niyyar zuwa gida ko Umra ya san da wannan.

Daga nan sai jira. Biyan farko yana zuwa ne bayan kimanin mako biyar: watan lissafi ɗaya da kwana bakwai. Ana iya karɓar rance daga cikin kuɗin kafin lokacin, babu ruwa a kansa, ana cirewa a hankali har tsawon wata 24. Mu ba mu karɓa ba saboda kuɗin sallama na nan, amma wanda ba shi da komai kada kunya ta hana shi. Da bayanin biyan farko ya fito, na zauna na karanta shi layi-layi. Kason ma'aurata fam 628.10. Kason ɗa na farko fam 339, na biyu fam 292.81. Sai kason haya, wanda ga masu haya a hannun 'yan kasuwa ba ya bin abin da kake biya, yana bin ƙimar da aka yanke wa yankinku gwargwadon ɗakunan da iyalinka suka cancanta. Namu bai kai hayar ba, cikon daga aljihunmu. Daga jimillar aka cire kuɗin Jobseeker's, aka cire na ajiya. Albashin maman yara kuwa, fam 411 na farko ba a taɓa shi, abin da ya haura nan ake rage fam 55 a cikin kowane 100.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'ya'ya biyu na gani a lissafin, alhali uku nake ciyarwa. Na rubuta tambaya a shafin saƙonni, amsa ta zo cewa 'yar jami'a ba ta cikin waɗanda ake biya wa kason yara. Abin da ake dubawa ba shekaru kaɗai ba ne, har da irin karatun. Karatun da ake amincewa da shi shi ne wanda bai kai matakin jami'a ba, irin su A level da T level da BTEC har mataki na 3, kuma ya wuce sa'o'i 12 a mako ana koyarwa. Digiri ba ya ciki. Koyon sana'a da ake biyan yaro albashi a kansa shi ma ba ya ciki. Ita 'yar jami'a ƙofarta daban, wato Student Finance England, hukumar da ke ba ɗaliban jami'a rance. Rancen ciyarwa da suke bayarwa yana bin kuɗin shigar iyaye, amma na shekarar haraji da ta wuce da nisa: na zangon 2025 zuwa 2026 sun duba abin da muka samu a 2023 zuwa 2024, lokacin da ina da cikakken albashi. Akwai fom na musamman da iyaye ke cikewa idan kuɗin shigarsu ya faɗi da kashi 15 cikin 100 ko fiye, a sake lissafi da halin da ake ciki yanzu. Muka cike, muka tura. Gidan da kuɗin shigarsa bai wuce fam 25,000 ba yana samun cikakken rancen, wanda ga ɗalibin da ke zaune gaban iyayensa ya kai fam 8,877 a shekara. Ba zan ɓoye ba, rancen nan yana da ruwa, kuma abin yana damun gidajen Musulmi da yawa, mu ma ya dame mu. Tun 2013 David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi alkawarin tsarin da ya dace da shari'a, amma har lokacin da muka cike takardunmu ba a fara shi ba. Kowane gida sai ya tambayi malamansa ya yanke wa kansa.

A watan Yuni na je ofishin ƙaramar hukuma neman ragin harajin gida, domin shi ba ya cikin Universal Credit, nemansa daban ake yi, kuma kowace ƙaramar hukuma da nata tsarin. Sun nemi bayanin biyanmu da takardar shaidar ɗalibta ta babbar daga jami'arta. A can ne kuma na ji cewa akwai wani ɗan taimakon cikon haya da ake nema idan kason haya bai isa ba, amma ba tabbas ba ne, sai sun duba halin gida.

Maganar auta ta zo a lokacin bazara. Child Benefit dama muna karɓa tun ina aiki, fam 26.05 a mako na babban yaro da fam 17.25 na mai bi masa, kuma HMRC ce ke biya, wato hukumar haraji. Yana tsayawa da kansa ranar 31 ga Agusta bayan yaro ya cika 16, sai fa in iyaye sun sanar cewa zai ci gaba da karatu. Wasiƙa ta zo da alamar da ake ɗauka da waya ta kai ka shafin sabuntawa. Sakamakon GCSE ya fito ranar 21 ga Agusta, ta samu gurbin A level, a daren na sabunta. Ga inda mutane ke tuntuɓe: sanar da HMRC bai wadatar ba. Universal Credit a ƙarƙashin wata ma'aikatar yake, DWP, wato ma'aikatar ayyuka da fansho, don haka sai da na sake shiga asusunmu na rubuta sunan makarantar, da irin karatun, da ranar farawa da ta gamawa. Ofis biyu ne, sanarwa biyu, kuma ni ban yarda in dogara da cewa ɗaya zai gaya wa ɗaya ba.

Na tsakiya shi ne wanda lamarinsa ya fi tsaya mana a wuya, kuma dominsa na fi son rubuta wannan. Ya ƙara shekara a baya don gyara sakamakonsa, sai ya fara BTEC mataki na 3 na shekara biyu a Satumbar 2024 yana da shekara 18. Ya cika 19 a Fabrairun 2025, karatun kuma sai Yunin 2026 zai ƙare. Child Benefit yana ci gaba har ranar da yaro ya cika 20, muddin an ɗauke shi a kwas ɗin kafin ya cika 19. Kason yaro na Universal Credit kuwa yana tsayawa ne a 31 ga Agustan da ya biyo bayan cikarsa 19. Wato yaro ɗaya, aji ɗaya, amma ranakun yankewa biyu. Ƙari a kan haka, duk sauyin da ya faru a tsakiyar watan lissafi ana mayar da shi farkon watan, don haka kasonsa ya fita tun daga tsakiyar Agusta a lissafinmu. Auta ta hau matsayin ta farko ta karɓi fam 339, abin da ya fita daga gidan ya zama fam 292.81 duk wata. Na tambaya ko shi zai iya nema da kansa. Amsar ita ce ɗalibi mai cikakken karatu da ke zaune da iyayensa ba ya samu, in ba a wasu halaye na musamman ba, kamar mai naƙasa ko mai ɗa. A ganina wannan giɓi ne a doka, kuma yaran da ya fi faɗa wa su ne waɗanda suka sha wahala kafin su kama hanya: wanda ya zo ƙasar da girmansa, wanda Turanci ya ba shi wuya, wanda rashin lafiya ta sa ya maimaita aji.

Yaron ya gane abin da ke faruwa tun ban faɗa masa ba. Wata rana bayan isha ya same ni a falo ina lissafi a bayan ambulan, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ya ce, "Baba, ko in ajiye karatun nan in nemi aiki, in an samu sauƙi na koma?" Na ce masa, "Shekara ɗaya ta rage maka. Da ka bari, gara in sayar da motar nan." Mamansa tana ƙofar kicin tana ji, ba ta ce komai ba, sai da ya tashi ta ce, "Baban yara, gobe ku je kwalejin tare." Muka je ofishin kula da ɗalibai. A nan muka sami abin da babu wanda ya taɓa ambata mana: asusun tallafin ɗalibai 'yan 16 zuwa 19, wanda gwamnati ke ba makarantu su raba da kansu. Wanda ya wuce 19 ma yana iya samu idan yana ci gaba da kwas ɗin da ya fara yana tsakanin 16 da 18. Sun nemi bayanan biyan Universal Credit na watannin baya, muka buga daga asusu muka kai. Aka ba shi katin bas da kayan aikin kwas. Aka kuma sa shi cikin masu cin abincin rana kyauta, wanda sharaɗinsa a lokacin shi ne abin da gida ke samu daga aiki kada ya wuce fam 7,400 a shekara bayan haraji. Auta ma ta nema a makarantarta ta samu. Asusun yana da iyaka, wanda ya je a makon farko na zango ya fi wanda ya je a Nuwamba. Daga baya yaron ya sami aikin Asabar da Lahadi a wani kanti, kuma abin da yake samu bai taɓa lissafinmu ba.

In da wani zai tambaye ni abin da ya kamata ya fara yi, zan ce ya ɗauki takarda ya rubuta sunan kowane yaro, da ranar haihuwarsa, da matakin kwas ɗinsa, da ranar gamawa, sannan ya sa alama a kan 31 ga Agusta ta kowace shekara. Duk abin da aka gaya maka a baki, ka sake tambayarsa a rubuce a shafin saƙonni don ya zauna. Duk sauyi a sanar da shi a ranar, domin kuɗin da aka biya ka fiye da ƙima sai an karɓe shi. In kuma aka yanke hukuncin da kake ganin ba daidai ba ne, kana da wata ɗaya ka nemi a sake dubawa, daga nan akwai kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta.

Akwai kuma rufin da aka sa wa jimillar tallafin da gida zai iya karɓa, fam 1,835 a wata ga iyali a wajen Landan, kuma Child Benefit da kason haya duk suna cikin lissafin. Wanda ya yi cikakkiyar shekara yana aiki kafin ya rasa shi ana ɗaga masa ƙafa na wata tara. Gidan da albashinsa ya kai fam 846 a wata kuwa rufin ba ya hawa kansa. A watan Oktoba Allah ya kawo mini aikin rarraba kaya na rabin yini, wanda da shi da na maman yara mun haura wannan adadin, Jobseeker's ya tsaya, Universal Credit kuma ya ragu daidai da abin da muke samu. A lokacin da nake wannan rubutu, ranaku biyu ne suka rage a takardata. A Disambar 2025 babbar za ta cika 21, daga nan za a riƙa cire fam 93.02 a wata daga kason haya saboda ana ɗaukarta baligar da ya kamata ta sa hannu, ko da kuwa ɗaliba ce. A Fabrairun 2026 kuma na tsakiya zai cika 20, Child Benefit ɗinsa ya tsaya, saura wata huɗu ya gama.